Gargaɗi ga makaɗan jita na Kaduna: an karɓe mini naira 150,000 da sunan gyaran amfilifaya

Na yi makonni ina jinkirin wannan rubutu saboda kunya, amma da na ji cewa mutumin da ya damfare ni da sunan gyara ya fara tuntuɓar wani yaro da ke kaɗa jita a Sabon Tasha, sai na ga cewa shiruna zai zama zalunci. Naira 150,000 ya karɓa daga hannuna a kashi uku, ban da ɓarnar da ya yi wa amfilifayata, wato na'urar ƙara sautin jita da nake neman abincin iyalina da ita. Ba zan ambaci sunansa a nan ba domin na riga na kai ƙara, amma hotunan hirarmu ta WhatsApp da rasit ɗin kowane kuɗi da na tura suna wurina, kuma zan fito da su.

Amfilifayar tawa Marshall DSL40C ce, mai ƙarfin wat 40, irin wadda ke aiki da bawul, wato ƴan kwalaben gilashi masu kama da ƙwan fitila da ke ƙara ƙarfin sauti. Tana da tashoshi biyu, Classic Gain da Ultra Gain, kuma kowace tasha tana da sauti iri biyu, wato huɗu ke nan gaba ɗaya. Sai dai madannin ƙafar da ke zuwa da ita maɓalli biyu ne kawai gare shi, ɗaya na sauya tasha, ɗaya na kunna amsa-amo. Saboda haka idan ina tsakiyar kiɗa a wurin biki ina son in tashi daga sauti mai tsabta na Clean in koma Crunch mai ɗan kaushi, dole in saki jita in juya in danna maɓalli da hannu, alhali mawaƙi yana jirana. Abin da na nema ke nan, a mayar da wannan maɓalli ƙarƙashin ƙafata. Ba son banza ya kai ni ba, kuma ba abu ne da ba a taɓa yi ba.

Ina so masu cewa na yi sakaci su karanta wannan ɓangaren da kyau. Ranar da mutumin ya zo gidana a Barnawa, ban gama bayani ba ya karɓe zancen daga bakina. Ya ce aikin yana buƙatar rile, wato ƙaramin makunnin da wuta ke motsawa a maimakon yatsa, da ƴar wuta mai ƙarancin ƙarfi da za ta ciyar da shi, da sabuwar kafa a bayan akwatin inda wayar madannin za ta shiga. Sannan ya faɗi abin da har yau yake yi mini yawo a kai. Ya ce, "Oga, ai ko an yi wannan akwai sauran matsala, domin Crunch ya fi Clean ƙara nesa ba kusa ba, sai an daidaita su, in ba haka ba za ka firgita mutane." Wannan magana gaskiya ce, kuma sai wanda ya zauna da irin wannan amfilifaya ya san ta. Ya ƙara da cewa kada in kuskura in sa hannu a ciki ko da na zare ta daga soket, domin kwandansa, wato abin da ke tara wuta a cikinta, na iya riƙe wuta sama da bolt 400. Wannan ma gaskiya ce. To, ta yaya zan zargi mutumin da ke gargaɗina a kan raina? Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a, na ga masu romon baka iri-iri, amma ban taɓa ganin ɗan damfarar da ya san bambancin ƙarar Clean da Crunch ba.

Naira 85,000 na fara ba shi kafin alƙalami, a kan zai sa a turo kaya daga kasuwar Alaba ta Legas, kuma a ranar ya tafi da amfilifayar a keke-napep. Da hannuna na taya shi ɗora ta. Ya ce shagonsa yana Tudun Wada kusa da Kasuwar Barci amma ana gyaran rufi, shi ya sa yake aiki a gida. Daga baya ya turo bidiyo, amma kafin shi akwai naira 40,000, wadda ya ce ta sababbin bawul ce, wai ya auna ya tarar ɗaya daga cikin bawul ɗin EL34 guda biyu ta yi rauni, kuma ba a sauya ɗaya sai dai biyun tare, waɗanda suka dace da juna. Haka ƙa'idar take, shi ya sa na tura ban yi gardama ba. Naira 85,000, sannan naira 40,000, duk a kan maganganun da babu ƙarya a cikin iliminsu.

A cikin bidiyon ana ganin ƙafa tana taka wani ƙaramin akwati, jar fitila tana kamawa, sauti yana sauyawa daga Clean zuwa Crunch. Na kalle shi ya fi sau ashirin don murna, har na nuna wa mai gangarmu. Sai yanzu na lura cewa fuskar amfilifayar ba ta fito a hoton ba ko sau ɗaya, ma'ana wani ne a gefe yake danna maɓallin da hannu. A kan wannan bidiyo na tura cikon naira 25,000 kuɗin aiki, zuwa asusun wani mai POS, wai nasa asusun ya samu matsala.

Mai keke ya kawo ta da yamma babu wuta, shi kuma bai biyo ta ba. Da na taka akwatin sai jar fitilar ta kama, alhali ko soket ban sa ba, nan gabana ya faɗi. Washegari na kunna, na taka har na gaji, babu abin da ya sauya, ga wani gurnani da ban san ta da shi ba. Tun daga daren nan lambarsa ba ta sake shiga ba. Na yi yini guda a Tudun Wada ina tambaya shago-shago, babu wanda ya san shi.

Wani dattijo mai gyaran rediyo da kayan sauti a kusa da babbar kasuwa shi ya buɗe ta a gabana. Ya daɗe yana kallo kafin ya ce, "Ɗana, wa ya yi maka wannan?" Na ce, "Baba, faɗa mini kawai." Babu rile, babu alamar an taɓa narka dalma a ko'ina. An huda ƙarfen baya an ɗaura kafa, an naɗe wayoyinta biyu da salatef ba a haɗa su da komai ba. A cikin akwatin ƙafar kuwa batir ne mai bolt 9 da fitila ɗaya. Bawul ɗina biyu masu lafiya ɗan damfarar ya cire su ya sa tsofaffi waɗanda ko kamfaninsu ba ɗaya ba ne, wato na biya naira 40,000 domin a sace mini nawa. Shi ne mutumin da ya tsaya a tsakar gidana yana cewa in kula da raina.

Ga abin da zan ce wa ƴan uwa makaɗa. Kada kayanku su bar hannunku sai kun ga shago da idonku, kada ku biya a kan bidiyo, kuma ku ɗauki hoton bawul ɗinku kafin a tafi da su. Idan sauti na uku kuke nema a ƙarƙashin ƙafa, ƙaramin akwatin ƙara kaushi a gaban Clean ya wadatar, ko ku nemi DSL40CR da ta fito a 2018, wadda ke karɓar madanni mai maɓalli shida.

Ina da biki ranar Asabar a Unguwar Rimi kuma da amfilifayar aro zan je. Duk wanda mutumin nan ya tuntuɓa da zancen rile da kayan Alaba, ya yi mini magana kafin ya tura ko sisi, zan nuna masa bidiyon da rasit ɗin naira 150,000 ɗin.