Kamfanin da ke gadin ginin ɓerayenmu: yadda na ga aikinsa a ranar zanga-zanga

Shekara uku ke nan ina bincike a kan zazzaɓin cizon sauro a wata jami'a da ke Ingila, kuma rabin aikina yana cikin ginin da ake kiwon ɓerayen gwaji. Ginin ba shi da allon suna, kuma wanda bai sani ba zai wuce ta gabansa yana zaton ma'ajiyar kaya ce. Tsaronsa yana hannun wani kamfani mai zaman kansa da jami'ar ta ba kwangila. Ba zan ambaci sunan kamfanin ko na jami'ar ba, domin hakan na cikin sharuɗɗan aikinmu, amma yanzu da na ga yadda suka tafiyar da ranar zanga-zanga guda ta masu adawa da gwaji a kan dabbobi, ina ganin ina da abin cewa game da ingancin aikinsu.

Dalilin da ya sa jami'o'in Birtaniya ke kashe maƙudan kuɗi a kan wannan tsaro yana da tarihi. A watan Janairun 2004 Jami'ar Cambridge ta fasa gina cibiyar bincike a kan birai, kuma tsadar tsaro na cikin manyan dalilanta. A watan Yulin shekarar, ɗan kwangilar da ke gina wa Jami'ar Oxford ɗakin binciken dabbobi a titin South Parks ya tattara kayansa ya tafi, bayan an aika wa masu hannun jari a kamfanin wasiƙun barazana. Sai a ƙarshen 2005 aka ci gaba da aikin, magina suna rufe fuskokinsu don kada a gane su, kuma ba a buɗe ginin ba sai a Nuwamban 2008. Oxford ta samo umarnin kotu wanda ya shata iyakar da masu zanga-zanga ba za su ƙetare ba, amma ya bar musu damar taruwa kowace Alhamis a gaban ginin. Wannan tsari na ware wuri da lokaci shi kamfanin da ke gadin gininmu ya ɗauka, kuma a nan ƙwarewarsa ta fi fitowa.

Ranar 24 ga Afrilu ce ranar tunawa da dabbobin gwaji ta duniya, don haka kowa ya san za a zo. Kwana biyu kafin nan, shugabar masu gadin ta riga ta zauna da 'yan sanda da kuma wakilan masu fafutukar, an amince da inda za su tsaya da lokacin da za su tashi. Da safiyar ranar na tarar an jera shingen ƙarfe a tsallaken titi, mutane suna riƙe da kwalaye masu hotunan birai da karnuka, alhali a gininmu babu ko ɗaya daga cikinsu. Masu gadi huɗu ne kawai a ƙofa, hannayensu a sake, babu mai ɗaga murya. Na taɓa ganin inda ake cika ƙofa da ƙarti don a tsorata jama'a, sai abin ya zama kamar an zuba wa wuta fetur. Waɗannan ba su yi haka ba.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Wata dattijuwa mai riƙe da lasifika ta matso har bakin shinge tana kiranmu makasa. Shugabar masu gadin ta je wurinta ita kaɗai, ta bayyana mata cewa dabbobin da ta zo karewa suna bayan bangon nan, kuma ƙara tana firgita su har iyaye mata su yi watsi da 'ya'yansu. Matar ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta juya bakin lasifikar wajen titi. Ba ta daina zaginmu ba, kuma haƙƙinta ne ta faɗi ra'ayinta, amma ɓerayen sun samu sauƙi. Wanda ya horar da mai gadi har ya san wannan ya cancanci kuɗinsa.

Cikas ɗin ya zo ne daga ƙofar baya. Da tsakar rana wasu matasa biyu suka zagaya ta can suna ɗaukar hoto, sai ɗakin kula da kyamarori ya kulle dukkan ƙofofi, ya dakatar da katunan shiga gaba ɗaya ba tare da an sanar da kowa ba. Ɗaya daga cikin masu kula da dabbobinmu, wanda ya fita cin abinci, ya tsaya a waje kusan awa biyu, kuma motar da ta kawo abincin ɓeraye da dusar katakon shimfiɗa aka mayar da ita. Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. Ana gudanar da aikinmu a ƙarƙashin dokar 1986 ta gwaji da dabbobi, da lasisin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, kuma wajibi ne ƙwararre ya duba kowace dabba a kullum. Ɓeran da aka sa wa ƙwayar cutar maleriya kuwa yana iya rikicewa cikin 'yan sa'o'i, don haka nawa ana duba su fiye da sau ɗaya a yini. Da na kira ɗakin kula da kyamarorin, amsar da na samu ita ce, “Dakta, yi haƙuri, umarni muke bi.” Tsarin nasu ya tanadi yadda za a hana baƙo shiga, bai tanadi yadda mai kiwo zai kai ga kejinsa ba.

Horon da suke ba ma'aikata ma yana da gyara. Shawararsu a kan ɓoye adireshin gida da rage abin da mutum ke wallafawa a Facebook tana da tushe, domin a baya an fi cutar da mutane a gidajensu. A 2004 har kabarin surukar wani mai gonar kiwon dabbobin gwaji aka tone a Staffordshire, kuma a shekarar da ta biyo baya majalisa ta yi dokar da ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 5 ga mai tsoratar da abokan hulɗar cibiyoyin bincike. Sai dai malamin nasu yana magana kamar har yanzu ana cikin wancan zamani, yana cewa kada mu faɗa wa ko maƙwabci abin da muke yi. Tun 2014 jami'o'i da dama suka sa hannu a yarjejeniyar bayyana wa jama'a yadda suke amfani da dabbobi, kuma ni kaina na fi samun kwanciyar hankali idan na gaya wa mutum cewa cutar da ke kashe yara a garinmu nake nema wa magani.

Da aka nemi ra'ayinmu kan sabunta kwangilar, na goyi baya da sharaɗi biyu: a fitar da jerin masu kula da dabbobi da likitan dabbobi waɗanda katinsu ba zai taɓa mutuwa ba ko an kulle ginin, kuma a riƙa sa ɗaya daga cikinsu a zaman shiri kafin kowace zanga-zanga. Kamfanin ya karɓi na farko cikin mako guda. Na biyun har yanzu yana kan teburin manajan yankinsu.