Ciwon juya hannu: wane ƙarfe ne ke daɗewa a wuyan hannu?

Zafin nan da ke sokar mutum in zai murɗa makulli ko ya juya tafin hannu sama, yawanci daga ƴar gaɓar nan ne ta wuyan hannu inda ƙashin ɓangaren babban yatsa ke kewaya kan ƙashin ɓangaren ƙaramin yatsa. Karayar da ta warke a karkace ko amosanin gaɓɓai ne suka fi cinye ta.

Tsohuwar hanya ita ce aikin Darrach, tun wajen 1912 ake yinsa, kawai a yanke kan ƙashin ɓangaren ƙaramin yatsa a cire. Ga dattijon da ba ya ɗaukar nauyi ba laifi. Amma ni shi aka min, kuma ba wanda ya gaya min cewa guntun ƙashin da ya rage zai riƙa karo da ɗan'uwansa duk sanda na ɗaga abu, ga ƙara ƙas ƙas ga zafi. Aikin Sauvé-Kapandji na 1936, inda ake haɗe gaɓar a yanke ɗan ƙashi daga bayanta don hannu ya juya, shima guntun nan ne matsalarsa. Kan ƙashi na roba (silikon) da ake sawa a madadin wanda aka cire kam a manta da shi, fashewa yake. Ƙarfen da ke maye gurbin kan ƙashin kaɗai kuwa sai jijiyoyin da ke riƙe gaɓar suna da rai, in ba haka ba zamewa zai yi.

Wanda nake so shine Aptis, ƙarfen da ke maye gurbin gaɓar gaba ɗaya, wanda Dakta Luis Scheker na Luwisbil a Amurka ya ƙirƙiro. Faranti ne ake ɗaurewa da sukurori a jikin ƙashi ɗaya, sandar ƙarfe ta shiga cikin ɗayan, ƙwallon roba mai tauri a tsakani yana juyawa cikin mazauninsa, to ka ga ba ruwansa da ko jijiyoyin sun mutu, shi ke riƙe kansa, shi ya sa ma ake ceto waɗanda Darrach ya ba kunya da shi. A bibiyar da aka yi ta shekaru yawancinsu suna nan daram, ciwo ya ragu, juyi ya dawo. Amma komawa tiyata ba baƙon abu bane fa, jijiyar da ke miƙe wuyan hannu tana iya gogar ƙarfen, ko sukuru ya yi tsayi, ko ƙashi ya tsiro inda bai kamata ba. Kuma nauyi za a sa maka iyaka.

Yanzu ga inda raina ke ɓaci. Masu tallan man shafawa da awarwaron maganaɗisu a intanet wai guringuntsi zai dawo, wallahi ƙarya ne, gaɓar da ta cinye ba ta tsirowa da shafe-shafe. Sai dillalan da ke haɗa mutane da tiyata suna cewa "irinsa ne sak, sai dai ya fi araha". Irin wa? Kar ka yarda sai ka ga sunan kamfani da lambar ƙarfen a rubuce cikin takardunka. Ka tambayi likitan ido da ido sau nawa ya taɓa saka shi, kuma in ya sassauta bayan shekara 10 wa zai gyara. In ya fara kame-kame ka nemi likitan tiyatar hannu na gaske.