Gargaɗi ga mafarautan Damagaram: mai tallar "zoben cika harsashi" ɗan damfara ne

Assalamu alaikum ƴan uwa. Akwai wani mutum da ke baza talla a Facebook da zaurukan WhatsApp na mafarauta, tun daga cikin garin Damagaram har Mirriya, Magariya da Matamaye. Wasu zobban ƙarfe yake sayarwa, ya raɗa musu suna "zoben cika harsashi". Wai duk wanda ya mallake su ya huta da sayen harsashi, sai dai ya tsince kwanson da ya harba ya sake cikawa a ɗakinsa. Don Allah kada kowa ya tura masa ko dala.

Ni sana'ata sassaƙa ƙarfe da inji, a nan wajejen Kasuwar Dole. An kawo mini kayan nan, na riƙe su, na auna su, shi ya sa nake magana.

Hotunan da yake nunawa ba nasa ba ne, na kayan kamfanin Hornady ne da ke Grand Island a jihar Nebraska ta Amurka. A can, inda dokarsu ta yarda, akwai masu sake cika kwanson tagulla a gida da wani injin matsi mai hannu da ake ɗaurewa a jikin tebur. A saman injin akwai rami, inda ake murɗa wani bututun ƙarfe, kuma kowane bututu da aikinsa. In an gama da ɗaya sai a kwance a murɗa wani, a sake daidaita tsayinsa, abin yana cin lokaci. Shi ne Hornady suka fito da wani bushin, wato gajeren ƙarfe mai rami da ke shiga tsakanin bututun da ramin injin, mai suna Lock-N-Load: a murɗa bututun a cikinsa sau ɗaya, a ƙulle da zobe don kada saitin ya motsa, daga nan sai dai a zura a ɗan juya ya kama, a ɗan juya ya fito. Kamfanin Lee Precision na jihar Wisconsin ma yana da irin nasa, Breech Lock, kuma na wannan ba ya shiga gurbin na wancan. Iyakar aikin bushin da zoben ke nan, riƙe bututu. Ba sa matsa komai, ba sa cika komai. Wanda ya saye su ba shi da inji, ba shi da bututu, tamkar an sayar masa da likkafa ne an ce doki ne.

Kuma ko da a ce ya haɗa maka da injin gaba ɗaya, ina amfaninsa gare ka? Bututun da ke shiga waɗannan bushin na kwanson tagulla ne, irin na bindiga mai dogon zango da ƙaramar bindiga. Mafarautanmu masu takarda galibi kalibar 12 gare su, mai kwanson roba da gindin ƙarfe, wanda injinsa dabam ne kwata-kwata. Mai harba-ka-ruga kuwa ba shi da ma kwanson da zai tsinta, ta baki yake ɗura albarushinsa. Amma mutumin nan kowa ya tambaye shi, amsa ɗaya ce: "Yana yi da kowace bindiga, alhaji."

Wani dattijo daga ƙauyen yamma da gari, abokin mahaifina, shi ya fara kawo mini nasa a ƙulle cikin leda. Ya ce, "Ɗana, duba mini abin nan, na rasa ta inda ake sa harsashin."

Na ce, "Baba, nawa ka biya?"

Ya ce jika 35, ban da kuɗin mota. Akuya ya sayar.

Da na ɗora ma'auni sai abin ya ba ni haushi fiye da yadda na zata. Na ainihin, haƙoran murɗinsa da inci ake auna su, kamar yawancin kayan Amurka: faɗin rami kashi 7 cikin 8 na inci, wato kimanin milimita 22.2, da haƙora 14 a kowane inci, tazarar kusan milimita 1.8 tsakanin haƙori da haƙori. Na Baba kuwa milimita 22 ne da tazarar 1.5. Duk wanda ya taɓa kwance tayar babbar mota ya san wannan awo. Notin taya ne aka yanka shi siriri, aka goge kusurwoyinsa, aka fesa baƙin fenti, aka kira shi zoben ƙulli. Na kankara da wuƙa fentin ya tashi. Zoben Hornady na gaske tsagagge ne ta gefe ɗaya, da ɗan ƙaramin sukuru da ke matse shi ya rungume bututun ba tare da ya ci haƙoransa ba. Bushin ɗin kuma yana da kunnuwa a jikinsa da ke kama gurbin inji, da zoben roba a ƙarƙashin leɓensa. Bushin da aka aiko wa Baba kuwa babu kunne, babu roba, guntun bututun ruwa ne kawai aka yi wa haƙora. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne aikin a kan inji irin nawa aka yi shi. Wani ɗan sana'armu ne ya zauna ya sassaƙa, ko ya san abin da za a yi da shi ko bai sani ba, Allah ne masani.

Baba ma yana cikin masu sa'a, shi an aiko masa da wani abu. Wasu ba su ga ko leda ba, kuma a kansu ne damfarar ta fi muni.

Yadda yake yi: zai ce kayan suna hanya daga waje, ka tura rabin kuɗi ta wajen masu aika kuɗi, da sunan wani "yaronsa", sunan da ba shi ne a shafinsa ba. Bayan ƴan kwanaki sai wata baƙuwar lamba ta kira ka. Mai maganar zai ce shi ma'aikacin duwan ne, wato kwastan, yana cakuɗa Hausa da Faransanci, ya ce an kama ƙunshi da sunanka da lambarka, an buɗe an ga kayan haɗa harsashi, in ba a kashe maganar yau ba gobe takarda ta wuce wajen jandarma. Kana ajiye waya sai mai kayan ya kira, murya na rawa, wai shi ma an kira shi, ku taimaki juna, ya biya rabi ka biya rabi. Babu ƙunshi, babu duwan. Ma'aikacin gwamnati na gaske takardar sammaci yake aikowa ka je ofis, ba ya cewa ka tura tara zuwa lambar wani.

A nan dabarar take, kuma a ganina da gangan ya zaɓi irin wannan kaya. Da a kan cinikin waya ko babur ya cuci mutum, da gari ya waye an kai ƙara komisariya. Amma wa zai tashi, a wannan hali da ƙasa ke ciki, ga shingayen bincike a hanyar Agadas da ta Diffa, ya je ya ce da bakinsa ya yi odar abin cika harsashi? Sai mutum ya haɗiye takaicinsa, ko matarsa ba ta sani ba, shi kuma ɓarawon ya wuce zaure na gaba. Tsoron ma ba na banza ba ne. A Nijar bindiga da harsashi sai da izinin hukuma, farauta tana da dokarta tun 1998 wadda ma'aikatan gandun daji ke kula da ita, kuma tun 1994 akwai hukumar CNCCAI mai tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa ƙa'ida ba. Takardar farautarka ba ta ba ka damar buɗe maƙerar harsashi a ɗaki ba. Don haka ko gobe wani ya zo da Hornady na ainihi a kwalinsa, ni dai shawarata kada ka taɓa.

Yana da wata magana da yake jefa wa dattawa, wai Damagaram ba baƙuwar wannan aiki ba ce, tun zamanin Sarki Tanimu ake ƙera igwa da albarushi a Birni. Tarihin gaskiya ne, an yi haka a ƙarni na 19. Sai dai waɗancan maƙera da izinin sarki suka yi, a idon fada, ba su yanka notin tirela sun sayar wa tsoho a kan kuɗin akuyarsa ba.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya goge komai. Ka ajiye rasit ɗin aikawa, saƙonnin murya, hoton tallar da lambobin da suka kira ka, musamman ta mai cewa shi duwan ne, domin shiga rigar ma'aikacin gwamnati laifi ne mai zaman kansa, kuma tun 2019 ƙasar nan tana da dokar hukunta laifukan intanet. Kada ka ƙara ko tamma, komai barazanar da aka yi maka. In kana jin nauyin zuwa komisariya kai kaɗai, ka sami sarkin baka na yankinku ko mai unguwa ya raka ka, ko ku haɗu ku da abin ya shafa ku je tare. Baba da mai garinsu ya je, ya ɗora notin a kan tebur, na rubuta masa awon da na samu a takarda ya haɗa da shi.

Masu riƙe da zaurukan mafarauta, ku duba cikin mutanenku. Yana sauya suna da hoton fuska, amma hoton kayan bai sauya ba: bushin a jere kan farin faranti, da jan tambarin Hornady a gefe. Ƴan uwana masu injin sassaƙa kuma, daga Zango har Sabon Gari, in wani ya kawo muku notin taya da yawa ya ce a yanka siriri a goge kusurwa, ku tambaye shi na mene ne, ku kuma riƙe lambarsa.