Google Sites ko WordPress: amsa ga Malama mai neman shafin aji

Malama, barka da ƙoƙari. Tunda abin da kike nema wuri ne da ɗalibanki za su riƙa samun darussa da jinga, kuma ba ki taɓa gina shafin intanet ba, a cikin manhajojin gina shafi biyun nan, ki ɗauki Google Sites, ki bar WordPress sai ranar da buƙata ta kai ki gare shi.

Google Sites nake amfani da shi don 'yan ajin ƙarshe da nake koya wa Bayoloji a wata sakandare a nan cikin Katsina. Kamfanin Google ya fito da shi a 2008, ya sake masa fasali a 2016, kuma kyauta ne ga duk mai asusun Gmail. Babu wani yaren kwamfuta da za ki koya. Za ki zaɓi fasali, ki rubuta kanun shafi, sannan ki jawo hoto ko takarda daga Google Drive, wato ma'ajiyar Google ta intanet, ki ajiye inda kike so, shafin kuma ya daidaita kansa da fuskar waya, wadda da ita ce yawancin yaranmu za su buɗe shi. Abin da ya fi ɗaure ni da shi shi ne yadda yake karɓar Google Forms, manhajar Google ta shirya fom da tambayoyin gwaji. Idan kika shirya gwaji kika sa amsoshin daidai, manhajar ce za ta yi makin da kanta, har ta nuna miki tambayoyin da aka fi faɗuwa a kansu. Ta nan na gano cewa darasin gadon halitta bai zauna wa yara ba, ko da yake a aji kowa yana gyaɗa kai, sai na sake shi kafin jarrabawar WAEC. Akwai wata yarinya daga wajen Ƙofar Marusa wadda ko kiran suna ake yi da kyar ake jin muryarta, amma duk gwajin da na ɗora, da wayar yayanta take amsa shi bayan sallar isha'i, kuma takan rubuto tambaya a gurbin da na bari a ƙasa. Da zango ya ƙare mahaifinta ya tako har makaranta ya yi godiya, ya ce bai taɓa ganin ta riƙe littafi da daddare haka ba.

Yana da nasa cikas, kuma gara ki sani tun yanzu. Karanta shi a waya ba matsala, amma gina shi da gyara shi aikin kwamfuta ne, don haka sai ki nemi ta makaranta ko ki ari ta wani a lokacin da akwai wuta. Adireshinsa dogo ne, yana farawa da sites.google.com, ba mai daɗin rubutawa a allo ba ne, shi ya sa nake tura shi ta WhatsApp na iyaye. Gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta kuma rabawa ake yi tsakanin Gmail da Drive da hotunanki. Ki rage nauyin takardu kafin ki ɗora, ki taƙaita bidiyo, domin datar da yaro zai ƙona ta mahaifiyarsa ce ko ta wansa. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, suna fitowa lafiya, idan darasin Hausa za ki ɗora.

WordPress kuwa ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Tun 2003 yake, Matt Mullenweg da Mike Little suka fara shi, kuma fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kansa suke. Na taɓa biyan kuɗin masaukinsa, wato hayar wurin da ake ajiye shafin a intanet, na shekara guda, na ƙare ina sabunta ƙananan manhajojin da ake liƙa masa fiye da yadda nake rubuta darasi, da wa'adin ya cika ban sabunta ba. Na kyauta da ke WordPress.com yana sa tallace-tallace a shafi, kuma ba ke za ki zaɓi tallar da ɗalibarki za ta gani ba. Inda ya dace shi ne idan makaranta ce gaba ɗaya take son shafi na hukuma mai labarai da fom ɗin neman gurbi, da adireshi mai ƙarewa da .sch.ng, wanda aka ware wa makarantu a ƙarƙashin NiRA, ƙungiyar da ke kula da adireshin .ng.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu yawo makarantu da jakar kwamfuta suna cewa za su haɗa shafi a farashi mai sauƙi. Wasunsu sukan yi rajistar adireshin da sunansu da imel ɗinsu, sai shekara ta zagayo su ninka kuɗi ko su kashe waya, kamar ki gyara shago ki zuba kaya alhali takardar haya da makulli suna hannun dillali. Wasu kuma fasalin sata suke ɗorawa, wanda kan zo da ɓoyayyiyar cutar kwamfuta. Har akwai masu karɓar kuɗi a kan Google Sites ɗin da yake kyauta. Kada ki ba kowa kalmar sirrin Gmail ɗinki. Idan taimako kike so, akwai hanyar gayyatar mutum ya yi gyara da nasa asusun, ki cire shi idan ya gama.

Sakamakon jarrabawa da hotunan yara da lambobin iyaye kada su hau shafin da kowa ke iya buɗewa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi bayanan yara, kuma ko ba doka kin san yadda iyayen 'yan mata suke ɗaukar hoto a intanet. Ki buɗe sabon Gmail na aikin kawai, ki sanar da shugaban makaranta, ki fara da shafi uku: jadawalin zango, darussa, da jinga. Idan kin wallafa, ki turo mana adireshin shafin mu buɗe a wayoyinmu mu ga yadda yake fitowa kafin ki ba ɗalibai.