Kwas ɗin noman kabon da nayi a intanet: rabinsa zinare, rabinsa talla

Wata uku kenan da na gama kwas ɗin nan na noman kabon, kuma da gangan naƙi rubuta komai a kansa da wuri, don na san halina, in abu ya burge ni sai inyi ta zuba yabo bayan kwana biyu kuma in dawo ina cizon yatsa. Yanzu dai zumuɗi ya kwanta. Ba zan kama sunan masu kwas ɗin ba saboda akwai inda zan ɗan taɓa su, kuma ai irinsa sun cika intanet, kusan duk tsarin ɗaya ne: sati takwas, bidiyo, ɗan abin karantawa, tambayoyi a ƙarshen kowane sati, aikin da zaka shiga gona kayi da hannunka, sai satifiket a ƙarshe.

In faɗi gaskiya kuɗi ne ya ja ni. Tallan cewa yayi wai gonarka zata riƙa shanye iskar da ke ɗumama duniya kuma a biya ka akai. Nace to ga amfanin gona ga kuɗi daga sama, wa zai ƙi? Na biya na shiga.

Sati huɗun farko wata malama ce take koyarwa, masaniyar ƙasa ce, kuma wallahi ko nan aka tsaya ban yi asara ba. Ni duk tsawon shekarun da nake noma ɗauka nake ƙasa ita ke ba shuka abinci shikenan, ashe shukar ma tana ciyar da ƙasa. Yadda ta bayyana shi: ganye yana jan iskar kabon dayoksaid, da taimakon hasken rana ya mai da ita sukari, wani kaso na sukarin nan sai ya gangara cikin saiwa, saiwar kuma ta riƙa tsatso shi cikin ƙasa, ƙananan halittun da ido baya gani su ci, su hayayyafa, su mutu, to gawarsu da ragowar abin da suka ci shi ke manne wa jikin yumɓu ya zauna shekaru da yawa. Shi ne kabon ɗin da ake ta magana. Ruɓaɓɓen abu da ke cikin ƙasa, wanda ke sa ta yi duhu tayi laushi, kusan kashi 58 cikin 100 nasa kabon ne. Kuma in aka haɗa na duk duniya, mita ɗaya ta saman ƙasa tana riƙe da wajen tan biliyan 1,500, kusan ninki biyu na abin da ke yawo a sararin sama. Kai, sai da na mayar da bidiyon baya na sake ji.

Aikin gida na farko shi ya fi komai shiga raina, kuma ba ya buƙatar ko sisi. Tace a samo busassun dunƙulen ƙasa guda biyu, ɗaya daga tsakiyar gona inda ake huɗa duk shekara, ɗaya daga wurin da garma bata taɓa shiga ba, ni na ɗebo nawa daga gindin shinge. A cika kwalba biyu da ruwa, a lanƙwasa 'yar raga ta waya a bakin kowacce a ɗora dunƙulen yadda ruwa zai shanye shi. Na tsakiyar gonata ko minti ɗaya bai yi ba ya fara zubewa, yana zuba ƙasa kamar ana barbaɗa gari, ruwan ya koma jawur. Na gindin shinge kuwa sai 'yan kumfa kawai yake fitarwa, ya zauna daram, ruwan garau, na je nayi wasu harkokin na dawo yana nan yadda na bar shi. Tsakanin inda na ɗebo su bai fi taku ashirin ba fa. Na daɗe a tsugune ina kallon kwalaben nan, don amsar tambayar da na jima ina yi ce, me yasa in anyi ruwa mai ƙarfi saman gonar yake daskarewa kamar an yi masa siminti ruwan ya gudu ya bar ni. Ba abin da ke riƙe ƙasar, na ƙone shi da huɗa da kwashe karmami da barin gona tsirara.

Hanyoyin da ake mayar da kabon ɗin kuwa ba wani sabon abu bane, duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san yawancinsu: rage kaftu da huɗa, barin karan amfanin gona ya rufe ƙasa a daina banka masa wuta, shuka wani abu da zai lulluɓe gona bayan girbi, juya shuka musamman da dangin wake, taki na dabbobi da na ruɓaɓɓen shara, bishiyoyi a cikin gona, da kiwon da ake juyawa a bar ciyawa ta huta. Sun yi sati guda akan gawayin da ake birne wa a gona, suka kawo misalin baƙar ƙasar nan ta yankin Amazon da mutanen da suka haɗa da gawayi kuma har yau tana da albarka. Na ji daɗinsa amma an ja shi da yawa.

Inda malamar ta ƙara girma a idona shi ne bata ɓoye lam'a ba. Ta kawo maganar shirin "4 cikin 1000" da Faransa ta ƙaddamar a taron sauyin yanayi na Paris a 2015, wato in kabon ɗin saman ƙasa zai riƙa ƙaruwa da kashi 0.4 cikin 100 duk shekara zai rage kaifin hayaƙin da ake saki sosai. Ta yaba manufar, ta kuma ce masana da yawa suna ganin cim ma wannan adadi a ko'ina da kamar wuya. Dalili na farko, ƙasa tana ƙoshi. Ta nuna mana zanen gonar gwaji ta Rothamsted a Ingila, wadda ake nomawa ana aunawa tun 1843, filin da ake zuba wa takin dabbobi duk shekara kabon ɗinsa ya tashi da sauri da farko, daga baya layin ya fara kwanciya, ana ta zuba taki amma ƙarin kaɗan ne. Na biyu, abin da ka tara a shekara ashirin zaka iya barar da mafi yawansa cikin 'yan shekaru in ka koma huɗa. Sai kuma batun noma ba huɗa, da ake ta kambamawa, tace sau da yawa kabon ɗin taruwa yake a sama-sama, in ka auna zurfi sosai bambancin sai ya ragu, don haka wanda ya auna santimita 10 kawai zai yi murnar da bata kai ba. Kuma kabon baya zama shi kaɗai, kusan duk kashi 10 zuwa 12 nasa yana son kashi 1 na naitirojin, in kuma kace bari ka antaya takin zamani don ka samu to akwai wata iska da ke tashi daga shi, naitiros oksaid, wadda ta fi kabon dayoksaid ɗumama duniya kusan sau 270. Kaga kenan ana iya yin aikin ba'a ci riba ba. Ƙasa mai yashi a wuri mai zafi kuma ita ce ta fi wuyar sha'ani, ba yumɓun da zai riƙe, ga zafi yana sa komai ruɓewa da wuri.

Aikin sati na huɗu shi ya buɗe min ido akan kuɗin da nake hange. Aka ce mu auna nauyin ƙasarmu. Na yanke gwangwani sama da ƙasa, na ɗora katako na buga shi cikin ƙasa, na haƙo shi a hankali na share baki biyun da wuƙa. Sai nayi wauta na auna ta da danshinta, lissafi ya bani 1.6, har na tura. Wani ɗan kwas ɗin ne ya ankarar da ni cewa sai an busar da ita ƙarau tukunna, a lab ma a zafin digiri 105 suke barinta ta kwana. Na sake, ya dawo wajen 1.3, wato ƙasa mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya da zurfin mita ɗaya nauyinta tan 1.3 ne. To ga lissafin, ku biyo ni: hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, zurfin santimita 30 da aka saba aunawa, ya zama ƙasa tan 3,900. In kabon ɗinta kashi 1 cikin 100 ne kana da tan 39. Shukar rufe ƙasa, in abu yayi kyau, abin da take ƙarawa a shekara bai wuce wajen 0.3 na tan a hekta ba. Wato daga 39 ka koma 39.3. Wane sikeli ne zai ga wannan? Bambancin da ke tsakanin wannan lungu na gonar da wancan ya ninka haka nesa ba kusa ba. Shi yasa ake cewa sai an shekara kamar biyar kafin awo ya nuna wani abin kirki, kuma sai an ɗebi samfuri da yawa daga wurare daban-daban. In ka juya 0.3 ɗin zuwa kabon dayoksaid, ana ninkawa da 3.67, zaka samu tan ɗaya da 'yan kai. Kiredit ɗaya kenan, wato shaidar tan ɗaya na kabon dayoksaid da ake sayarwa a biya ka, a hekta guda, a shekara guda. Nan jikina ya fara sanyi.

Sai aka shiga rabi na biyu, batun kasuwa, aka canza malami, kuma nan ne raina ya ɓaci. Bawan Allahn nan ya iya magana kam, amma kamar ba kwas ɗaya suke koyarwa da malamar ba. Duk abin da ta gina da taka-tsantsan ya zo ya shafe shi da murmushi. Misalansa kaf na masu hekta dubbai ne. Sharuɗɗan da su ne ƙashin bayan harkar ya bi ta kansu da gudu cikin bidiyo guda: cewa sai abin da ka sabunta ake biya, wanda ya daɗe yana kula da ƙasarsa tun kafin a zo da shirin sau da yawa ba ya samun komai, wanda ya lalata tasa shi ke da wurin ƙari, abin da har yanzu na kasa haɗiyewa. Da cewa alƙawarin na dogon zango ne, a Ostiraliya da ta kafa dokar noman kabon tun 2011 manomi zaɓa yake ko shekara 25 ko 100 zai riƙe kabon ɗin. Shekara ɗari fa, jikokinka ka ɗaure. Da cewa akan riƙe wani kaso na kiredit ɗin a ajiye saboda fari ko gobara. Da kuɗin awo da na masu zuwa tantancewa da kason dillalin da ke haɗa ƙananan manoma, duk daga jikin tan ɗaya da 'yan kan nan za a yanka. Na rubuta masa tambaya a fili, nace malam don Allah mai hekta biyu ko uku, kuma gonar haya ce, ina matsayinsa? Sai bayan kwana tara amsa tazo, layi biyu, wai dama suna nan da yawa in ci gaba da bibiya. Kuma bai taɓa batun mai dabbobi ba, wanda karmamin da ake cewa a bari a gona shi ne abincin dabbarsa, ya zai yi? Wannan ai ita ce tambayar farko da duk ƙaramin manomi zai yi.

Sauran ƙorafin ƙanana ne amma suna da cin rai. Bidiyon nauyi gare su kuma babu damar saukewa, in netwok ya ɗan yi rawa sai ka koma farko, data ta sha wuya. Jarrabawar sati na shida ta maƙale min sau biyu ana tsakiyar yi aka lissafa min a matsayin na gwada. Rubutun da ke fitowa a ƙasan bidiyo na'ura ce tayi shi, sunayen sinadarai duk ta dagula su. Satifiket sai da na tura saƙo uku. Shi ma ɗin dai takarda ce, ban ga ƙofar da zai buɗe min ba.

To wa zan ce ya shiga? Malamin gona, ɗalibin aikin gona, da manomin da ke son ya gane dalilin da yasa gonarsa take gajiya, ku shiga, sati huɗun farko sun biya kuɗinku har da riba. Wanda kuma wani kamfani ya kawo wa takardar yarjejeniyar kabon yace sa hannu, shi ma ya shiga kafin ya taɓa biro, amma ya riƙe lissafin malamar a hannu lokacin da malamin kasuwa ke zuba. Wanda ke neman kuɗin bana kuwa ya riƙe kuɗinsa. In maki ne ina basu uku cikin biyar, huɗu da rabi na malamar, na malamin kuwa bari kawai inyi shiru.

Ni dai na ware wani ɓangare na gonar, bana ban huɗa shi ba, na bar masa karansa, na kafa turaku a kusurwa huɗu don kar in manta iyakar. Samfurin ƙasar da na ɗeba yana cikin leda da kwanan wata a jiki. Akwai kuma wani gwaji da malamar ta faɗa muna ta dariya, wai ka birne tsohon ƙyallen auduga zalla na wata biyu, in ƙasar na da rai zaka tono shi duk an cinye. Na birne biyu, ɗaya a ɓangaren da na ware ɗaya a inda na huɗa, saura sati uku in tono.