Zwift da rabon ajin masu tseren keke

Na ɗora kekena kan na'urar atisaye a ɗaki na haɗa da Zwift, manhajar tseren keke ta intanet, kuma yadda suke raba masu tsere ne ya riƙe ni. A tsohon tsarinsu, ƙarfin ƙafarka a wat (ma'aunin ƙarfin taka feda) ake rabawa da nauyinka a kilo. Ajin A daga 4.0 ne, B daga 3.2, C daga 2.5, D ƙasa da haka. Ni mai kilo 80 da wat 220, 2.75 ke nan, ajin C. A hawan Alpe du Zwift, wani dogon tudu a cikin manhajar, lissafin nan ba ya ƙarya, siraran mutane kan wuce ni ina haki. A shimfiɗaɗɗiyar hanya kuwa yawan wat ke magana, can nake cin kasuwata. Kuɗin wata-wata da nake biyan Zwift bai tafi a banza ba.