Wata shida ina tallan yaji a waya: uwargida daban, mai kanti daban

Yajin daddawa da garin kunun gyaɗa nake yi a gida a nan Kano, ina zubawa a roba mai ɗauke da sunana. Wata shida ke nan da na fara biyan kuɗin talla a Facebook da Instagram, irin wanda mutum yana taɓawa sai ya faɗo cikin WhatsApp ɗina. A lokacin ne kuma na koma WhatsApp Business, wanda ya fito tun 2018 amma ni sai bana na waye da shi.

Ta ɓangaren matan gida ba ni da ta cewa sai hamdala. Bidiyo ne na daƙiƙa 20, ana barbaɗa yaji a kan ɗanwake mai tururi. Na zaɓi Kano da kewaye, na sake shi bayan la'asar. Kafin isha'i saƙo ya fara shigowa: "Aunty nawa ne?" "Ana kawowa Hotoro?" Mace ta gani, yawunta ya tsinke, ta turo kuɗi, na ga alat, ɗan aike ya kai mata. Wani cinikin ko minti goma ba ya kaiwa, don ita kaɗai ke yanke shawara, kuɗin kuma bai kai a kwana ana tunani ba.

Sai kwaɗayi ya ja ni. Na ce bari in ƙara kuɗi a kan wannan bidiyon dai, in kamo masu kantuna da 'yan sari. Kwana 7 tallan yana yawo, duk masu magana 'yan roba ɗaya ne. Mai kanti guda tak ya biyo, shi ma ko sau ɗaya bai tambayi ɗanɗano ba.

"Hajiya, guda nawa ne a katan? Akwai lambar NAFDAC? Wata nawa yake yi bai lalace ba? Nawa za ki bar mini a kan kowace roba? In bai shiga ba, za ki karɓi kayanki?"

Da na gama amsawa sai ya ce shi yaron shago ne, sai ya nuna wa Alhaji, Alhaji kuwa ya yi tafiya. Mako uku muna wannan jeka-ka-dawo. Na aika samfur kyauta, na je da ƙafata na gaishe da Alhajin, kafin aka karɓi katan 2 na gwaji, su ma sai an sayar a biya. Da farko na ji haushi, daga baya na ga gaskiyarsu. Uwargida in yajin bai yi mata ba, asarar roba ɗaya ce. Shi kuwa wuri zai ware a kan kanta, ya ɗaure jarinsa, in kaya ya ɓaci shi za a zo a yi wa tsiya. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Singa ko Dawanau ya san hoto ba ya sa ɗan sari ya zaro kuɗi, lissafi yake bi da kuma wanda ya tsaya maka.

A nan ne WhatsApp Business ya biya ni. Akwai alamomi masu launi da ake liƙa wa kowace hira, na sa musu suna da kaina: "an aika samfur", "jiran Alhaji", "ana bin su". Ba don su ba, da cinikin mako uku ya nutse cikin ɗaruruwan "nawa ne". Jerin kaya mai hoto da farashi shi ma ya rage mini surutu, sai dai na yi wautar saka farashin sari a ciki, matan gida suka gani, kowacce ta ce a haka za a bar mata. Yanzu farashin ɗaiɗai ne kawai a wurin. Na sari yana cikin wata takarda daban, da lambar rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da ta NAFDAC da adadin da ke cikin katan, sai wanda na tabbatar mai shago ne nake tura wa.

Saƙon bai-ɗaya, wanda ake tura wa mutane da yawa a lokaci guda, yana ɗaukar mutum 256, kuma sai wanda ya ajiye lambarka yake samu. Mata ba sa jin haushinsa, haka ma amsar da aka tanada tun kafin a tambaya. Masu kanti kam na daina yi musu haka. Ƙarshen wata nakan kira kowa: "Alhaji barka da kasuwa, kaya sun yi ƙasa?"

Kuɗin talla yanzu a kan matan gida nake zuba shi, na masu kanti ya koma samfur da kuɗin A Daidaita Sahu. Kanti na biyu ma ba ni na neme shi ba. Mai shi ne ya kira, wai mata uku sun zo suna nuna masa bidiyon ɗanwaken suna tambaya ko yana da yajin. Muna gama gaisawa ya ce, "To Hajiya, guda nawa ne a katan?"